Sunan da Ke Cikin Hula

Yayana Reino Kivela ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran injuna a kamfanin takarda na garinmu, Thunder Bay, da ke bakin wani babban tafki. Ranar da aka rufe kamfanin, abin da ya fito da shi daga ƙofar nan kwanon abincinsa ne da damin farar takarda guda, daga naɗi na ƙarshe da inji na uku ya fitar. Injunan kuwa an yayyanka su, an loda a jirgin ƙasa, an sayar da sunan tsohon ƙarfe. A inji na ukun nan akwai wani ɗan ƙarfe da shi ya ƙera da hannunsa, wanda ya hana takarda yagewa, aka yi shekara ashirin ana cin moriyarsa. A takardun kamfani sunan wani injiniya aka rubuta, mutumin da ya zo ya duba ya gyaɗa kai ya tafi. Reino bai taɓa ƙorafi ba. Tun muna yara ni ce mai bakin gidanmu. Shi kuwa ko ƙafa ka taka masa, shi zai ba ka haƙuri.

Ni ce Aili, ƙanwarsa, kuma matar Marcel Gagnon. Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne labarin yake yi mini ɗaci. Marcel abokin Reino ne tun kafin ya zama mijina. Tare suka shiga kamfanin, Reino a wurin injuna, Marcel a wurin loda kaya, kuma a teburin gidanmu na fara ganinsa yana cinye mana burodi yana ba mahaifiyarmu dariya. Mutum ne mai baki kamar zuma. Duk ranar Asabar ta duniya su biyun sai sun shiga ɗakin wankan tururi da ke bayan gidan Reino, su fito jajur suna gardamar wanda ya fi iya kamun kifi.

Da matar Reino, Helmi, ta rasu, sai gidan ya yi masa girma. Na fara tsorata da yadda yake zama a kujera yana kallon dusar ƙanƙara ta taga tun safe har abincin da na kawo ya huce. Ana nan wata rana cikin Janairu sai ga wani kwali an ajiye a ƙofarsa. Na tambaye shi mene ne.

Ya ce, "Firinta ce."

"Firinta? Wa za ka rubuta wa wasiƙa, Yaya?"

"Ba ta takarda ba ce. Ta roba ce. Ki zana abu a kwamfuta, ta gina miki shi."

Na leƙa kwalin. Sanduna ne da wayoyi da notuna a cikin ledoji, ko kamannin inji babu. Na ce masa an damfare shi. Ranar ce na fara ganin haƙoransa tun bayan jana'iza.

A gareji suka haɗa ta, shi da Marcel, kwana huɗu. Na ce "suka", amma gaskiyar magana ita ce Reino ke ɗaurewa, Marcel na riƙe da fitila yana surutu. Garejin ba shi da hasken kirki, Marcel kuma in an ba shi sukundireba sai ya lalata kan noti, don haka aikinsa ke nan, haskawa.

"Ɗan yi hagu, suruki."

"Hagunka ko haguna, tsoho?"

"Hagun Allah da kowa ya sani. Ka haska notin, ba hancina ba."

Yadda injin yake aiki ba wani abin wuya ba ne, har ni na gane. Zaren roba ne a naɗe, injin ya ja shi zuwa wani ɗan baki mai zafi, ya narke, bakin ya riƙa zagayawa a kan faranti yana shimfiɗa shi siriri-siriri, hawa kan hawa, har abu ya tashi. Wahalar tana wurin hawa na farko. Tsakanin bakin da farantin dole tazarar ta zama kaurin takarda ɗaya, ba ƙari ba ragi. Kowa da takarda yake aunawa: a zura ta ƙarƙashin bakin, a riƙa juya noti har a ji ta ɗan kama. To a nan ne yayana ya samu abin da ya fi kowa sani a duniya. Ya ɗauko damin nan na inji na uku, ya zaro falle ɗaya, ya rufe ido yana jan ta da yatsa biyu. Marcel ya ce a ba shi rasidin kantin mai ya gwada, ai duk takarda ce. Reino ya dube shi kamar ya zagi iyayenmu.

Abin da suka fara bugawa maɗaurin labule ne, ya fito a karkace. Na biyu ya ɓalle daga farantin tun ana rabi, injin bai sani ba ya ci gaba da zuba roba a iska, suka dawo daga shan kofi suka tarar da tulin zare kamar taliyar da ta zube. Sanyin garejin ne yake sa robar ta naɗe. Reino ya ciro tsohuwar kabad ɗin kicin ɗin Helmi, ya yanka mata taga, ya sa injin a ciki. Bayan nan ya gano zaren yana shan danshi, sai ya kwaso shi ya kawo gidana ya zuba a tanderun da nake gasa burodi, wai nawa ya fi nasa riƙe zafi daidai. Wata guda burodina yana warin takalmin roba. Na zage shi tas, ya tsaya yana ji, da na gama ya ce in ba damuwa zai kawo sauran ranar Talata.

Amma fa mutumin ya dawo. Ya koma aski, ya koma cin abinci. Duk safiya sai ya goge farantin, ya taɓa bel ɗin da ke jan bakin ya saurari ƙararsa, ya ɗiga mai a sanduna. In injin na aiki ba ya tashi. Zai ja kujera ya zauna ya zuba wa bakin nan ido awa uku, yana cewa inji yakan faɗi ciwonsa tun kafin ya kwanta, sai dai in ba mai saurare.

Da kallon nan ne ya gano iskar 'yar fankar da ke sanyaya robar ba ta bugun ta daidai, gefe ɗaya ya bushe, ɗaya ya zube. Sai ya zauna ya zana wani abin da za a kifa a kan injin, ya riƙe bakin da fankar, ya raba iskar gida biyu. Mu dai hula muke ce mata, don a kai take zama. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ta farko ta narke. Ta biyu ta yi nauyi. Kowace ya buga sai ya rubuta mata lamba ya rataye ta a ƙusa a bangon gareji, har bangon ya cika. Sanyi uku ya yi yana wannan aikin.

Masu irin wannan injin suna da wata al'ada. In mutum ya ƙirƙiro gyara, sai ya sa zanen a intanet kyauta. Kowa ya ɗauka, ya buga, ya canja, in ya ga dama ma ya sayar. Sharaɗi ɗaya ne tak: a faɗi sunan wanda ya fara yi. Shi ke nan ladan. Da Reino ya sa hula ta goma sha tara, wani mutum daga lardin Manitoba ya rubuto ya ce, "Na gode, Kivela, ta yi aiki." Yayana ya buga wannan layin a takarda ya manna a jikin firij. Shekara talatin da takwas ba wanda ya taɓa rubuta masa haka.

A goshin kowace hula yakan sa KIVELA da lambarta, ƙanana. Wata rana na tsokane shi na ce wannan ai ko da farce za a kankare.

Ya ce, "Na waje ne za a kankare. Akwai na ciki."

"Ciki ina?"

"Cikin robar. Kamar yatsa ɗaya daga ƙasa. In injin ya kai wurin sai ya bar gurbin haruffa, sannan ya rufe su da hawa na gaba. Ba mai gani."

"To amfanin me, in ba mai gani?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni na san yana nan."

Ana cikin haka Marcel ya ce shi ma yana son nasa injin. Rabin kayan injin nan a garejin Reino aka buga su, kyauta, shi kuma ya je ya ɗaure masa, ya daidaita masa faranti da takardarsa ta inji na uku. Daga ɗaya sai biyu, daga biyu sai ga injuna shida a ɗakin ƙasa na gidanmu. Marcel ya ce kayan kamun kifi yake bugawa yana sayarwa. Shi ba ya zama kallon inji. Ya danna, ya ja ƙofa, ya hau sama ya kunna wasan ƙwallon ƙanƙara a talabijin. Ƙofar kuma kullum a rufe, wai kar warin roba ya dame ni. Ni kuma, sakarya, har daɗi na ji wai yana tausayina.

Hula ta arba'in da ɗaya ita ce wadda ta yi. Ba ta narkewa, ba ta rawa, abin da aka buga da ita yakan fito sumul ta kowane gefe. Reino bai sa ta a intanet ba. Ya ce sai ta ƙara cin sanyi ɗaya a kan injinsa, in ba ta tsage ba, sai ya kai ta taron masu ƙere-ƙere da ake yi duk Afrilu a zauren unguwa, ya nuna ta da hannunsa, sannan ya sake ta ga duniya. Mutumin da ko a coci ba ya zama a gaba, shi ne yake shirin tsayawa gaban jama'a. Har sabuwar riga ya saya.

Wata safiya cikin Nuwamba ina naɗe burodi zan kai masa, Marcel ya ce, "Aili, in kin je ki karɓo mini katin memorin da zanen ta arba'in da ɗaya yake ciki. In gwada masa ita a injunana, ai ido biyu ya fi ɗaya."

Na faɗa wa Reino. Ko tambaya bai yi ba. Ya zaro ɗan katin, ya naɗe shi a takarda don kar ya ɓata, ya sa mini a aljihun kwat da hannunsa. Ya ce, "Ki ce masa ya rage gudu in zai buga, ba ta son gaggawa." Da ƙafata na ɗauko, da hannuna na miƙa. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina.

Ranar taron Marcel ya riga mu fita da motarsa, ya ce zai taya su jera tebura. Ni na biya na ɗauko Reino. Ya fito da sabuwar rigarsa, da kwalin takalmi ɗaure da igiya a hammata, hular na ciki a naɗe da tawul ɗin Helmi. Duk hanya yana maimaita abin da zai faɗa, yana tambayata ko ya yi tsawo.

Muna shiga zauren na hango shi. Teburi na biyu daga ƙofa, da ƙyalle babba an rataye: HULAR GAGNON. Ƙarƙashinsa huluna ne jere, baƙaƙe da jajaye, sun fi ɗari, kowace a ledarta, dala talatin da biyar. Mutane sun yi cincirindo. Mijina yana tsaye a tsakiya yana juya ɗaya a hannu, ina jin muryarsa tun daga ƙofa.

"Sanyi uku na yi a kanta, jama'a. Sau arba'in ina zubarwa ina sakewa. Matata ga ta can, ku tambaye ta abin da na yi wa tanderunta!"

Kai! Har tanderun nawa ya sace.

Na juya na kalli Reino. Ya matsa a hankali, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya shafa goshinta da babban yatsa. Inda KIVELA yake an share, an sa GAGNON da manyan haruffa. Wani saurayi da ke kusa ya ce masa, "Baba, ka saya, ba za ka yi da-na-sani ba. Tun Janairu take a intanet, kowa maganarta yake." Tun Janairu. Wato ko yau Reino ya buɗe kwalinsa, shi za a ce ya kwaikwaya.

Marcel ya gan mu, fuskarsa ta ɗan canja, amma nan take ya gyara. "A'a, tsoho! Ka iso? Zo ka zauna, ga kujera."

Reino ya ce, "Ka rage gudun kuwa?"

Wallahi abin da ya tambaya ke nan.

Na ce, "Marcel, wa ya yi wannan abin?"

"Aili, ba a nan ba."

"A nan ɗin dai. Wa ya yi shi?"

"Haba, uwargida, mu je gida mu yi magana. Ai abin duk na gida ne."

"Na gida? Sunan gidan wa ke jikin ƙyallen can? Kai da ko noti ba ka iya ɗaurewa sai ka cinye masa kai!"

Mutane suka juyo suna kallonmu. Malamar makarantar da ke shirya taron ta taho da sauri tana cewa a yi haƙuri. Marcel ya buɗe hannuwa yana murmushi, irin murmushin nan na ku yi mata uzuri. Ya ce, "Surukina ya ba ni shawara nan da can, ban musa ba. Amma zane nawa ne."

A nan ne na tuna. Yatsa ɗaya daga ƙasa.

Teburin da ke gefe na wani mai sassaƙa ne, da guduma a kai. Na ɗauke ta ban nemi izini ba. Na fizgi hula ɗaya na yage ledar, na kafa ta a bakin teburi.

Reino ya kama hannun rigata. "Aili, bari."

"Ba zan bari ba, Yaya. Shekara talatin da takwas kana bari."

"Don Allah ki bari. Ba ki san..."

Na riga na sauke. Bugu ɗaya ta rabe biyu, tsaf, kamar an yanka da wuƙa, daidai yatsa ɗaya daga ƙasa. Na ɗaga rabin sama ina cewa, "Ku karanta! Ku karanta mini sunan da ke ciki!" Ni kaina ban duba ba tukuna. Malamar ta karɓa, ta gyara tabarau, ta karkata shi wajen haske. Haruffan ƙanana ne amma sun fito sarai.

Ta karanta da ƙarfi: "Reino da Marcel."

Na ce ta sake dubawa. Ta miƙo mini. Ga shi nan, REINO a sama, MARCEL a ƙasa, girmansu ɗaya.

Na dubi mijina. Na rantse muku bai san da rubutun nan ba. Hula sama da ɗari ya buga, bai taɓa zama minti goma ya ga abin da injinsa yake rubutawa ba. Na ga jini ya bar fuskarsa. Na ga bakinsa ya buɗe. A raina na ce yanzu zai durƙusa, yanzu zai ce tsoho ka yafe mini. Shekara arba'in da aure, na ɗauka na san iyakar mutumin.

Sai ya fashe da dariya. Ya karɓe rabin hular daga hannuna ya ɗaga sama.

"To kun gani! Me na ce muku? Ga sunana nan a ciki tun asali! Tare muka yi, jama'a. Matata ce dai ba ta son a yabi kowa sai yayanta."

Zauren ya ɗauki dariya. Har da masu tafi. Malamar ta dafa ƙirji ta ce ashe rigimar gida ce, ta ɗauka wani abu ne. Mai sassaƙa ya karɓi gudumarsa yana ce wa Marcel ya riƙa kwana da hular kwano. Saurayin nan ya juya wurin Reino ya ce, "Da gaske, Baba? Tare kuka yi?"

Reino ya daɗe yana kallon Marcel. Marcel kuwa yana ta gyara ledoji a kan teburi, ya ƙi ɗago kai.

Reino ya ce, "Shi ya riƙe fitila."

Aka sake kwashewa da dariya, an ɗauka barkwanci ne. Kafin mu kai ƙofa na ji ana cewa a ba ni biyu, a ba ni ja. Rigimar da na tayar ciniki ta ƙara masa. Reino ya shiga mota da kwalinsa a kan cinya, bai ko kwance igiyar ba.

A hanya na kasa haƙuri. Na ce, "Me ya kai ka sa sunansa? Me ya yi?"

"Tun ta farko yake ciki."

"Duk arba'in da ɗayan?"

"Duka."

"Don ya riƙe fitila?"

Ya ce, "Kwana huɗu, Aili. A sanyin nan. Lokacin ba wanda yake iya zama da ni minti goma, har ke." Ya juya yana kallon tafki. Gaskiya ya faɗa.

Da yamma Marcel ya dawo da kwalaye babu komai a ciki, yana fito. Ya ce in daina ɗaure fuska, zai gyara. Gyaran da ya yi shi ne ya ƙara layi ɗaya a can ƙasan shafinsa, da ƙananan haruffa: da taimakon wani surukina. Ko sunan bai rubuta ba. Na kwashe kayana na koma ɗakin sama. Har yau a gidan nake, ina dafa abincin mutum ɗaya, shi kuma ya koyi soya ƙwai. Mutanen coci suna ce mini a kan ɗan guntun roba zan kashe aure. Ba na ba su amsa, don in na buɗe baki ba za su ji daɗi ba.

Asabar ta zo, Reino bai hura wutar ɗakin wanka ba. Ta biyu ma haka. Na shiga tsoron kar ya koma kujerar nan ta bakin taga. Ranar Talata da rana na ɗauki burodi na tafi, tun daga waje na ji ƙarar injin, sai na ji sanyi a raina.

Yana zaune a wurinsa. Kujerar Marcel an naɗe ta an jingine a bayan injin yankan ciyawa. A saman kabad ɗin ya buga wani ɗan maƙali ya ɗaure fitilar a jiki, tana haska farantin daidai. Ƙusoshin bango duk suna nan da hulunansu, ya ƙara ƙusa ɗaya a ƙarshe.

Ya ce, "Arba'in da biyu."

Na ja bokiti na kifa na zauna kusa da shi. Ban taɓa zama na kalli abin nan daga farko ba. Bakin yana zagayawa, hular tana tasowa kaɗan-kaɗan. Na sa yatsana a jikin gilashin ina aunawa. A raina ina cewa yau dai zan ga REINO shi kaɗai, ko KIVELA da manyan haruffa, in ya so in ɗauki hoto in kai wa malamar nan. Ta kai rabin yatsa. Ta kai yatsa. Bakin ya bi ta wurin ya cike shi da roba, layi bayan layi, bai bar gurbin komai ba. Na jira hawa na gaba, da na gaba. Ta wuce yatsa biyu.

"Yaya, ina rubutun?"

"Babu."

"Nasa na gane. Naka fa?"

Bai ɗauke ido daga kan injin ba. Ya ce, "Kin ga inda ta rabe da kika buga?"

"Na gani."

"Ba ƙarfinki ba ne. Gurbin haruffan ne yake rage mata ƙwari, nan ne kaɗai rauninta. Tun ta uku na sani."

"Ka sani ka bar shi?"

"Na bar shi."

Na duba goshin hular da ya fara fitowa. Nan ma babu komai, ko lamba. Na ce, "To in ka sa ta a intanet, wa za a ce ya yi?"

"Duk wanda ya ga dama."

Na fara faɗa, na ce wannan ai ba daidai ba ne, na ce mutumin Manitoba fa, na ce takardar da ke jikin firij fa. Ya bar ni na yi har na gaji. Injin ya gama, ya ja bakinsa gefe ya tsaya. Reino ya jira farantin ya huce, ya ɓamɓaro hular, ya matsa ta da hannu biyu da iyakar ƙarfinsa. Ko motsi ba ta yi ba. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Gwada da guduma in kina so. Wannan ba za ta fashe ba."